Bakaniken da Ya Tayar da Jirgin 'Yan Barkwanci

Duk wanda ya san tashar jiragen ruwa ta San Pedro ya san Emmett Ruzicka, bakaniken nan da ba ya ji da kunnen hagu. Ƙarar inji ce ta cinye masa kunnen a yaƙin Japan, lokacin yana aiki a ƙananan jiragen katako na sojan ruwa, waɗanda ba su da wata garkuwa sai gudu. Da yaƙi ya ƙare ya dawo gida, ya auri Doreen, ya buɗe rumfar gyaran injunan masunta. Ba shi da yawan magana, kuma a tsaye yake cin burodinsa da kifin gwangwani.

Wata shekara masu shirin talabijin suka zo nemansa. Wasan barkwanci suke yi a kan wasu malalatan sojojin ruwa da ba su da aiki sai caca da raina wa kwamandansu hankali. A tafki suke ɗaukar yawancin wasan, amma suna son hoton jirgi na gaske yana keta teku. Sun samo tsohon jirgi, sai dai injunansa uku sun daɗe da yin shiru. Emmett ya ce shi bai ga abin dariya a wancan yaƙin ba. Doreen ta ce ai ba dariya aka ce ya yi ba, gyara aka ce. Ya ɗauki kayan aikinsa ya tafi.

Bazara guda ya kwashe a cikin jirgin kafin injunan su yarda. Ranar ɗauka 'yan wasa suka hau cikin kakinsu sabo fil. Wani mai tumbi da ke fitowa a matsayin kuku ya leƙo ɗakin inji.

"Mista Ruzicka, wannan akwatin zai kai mu ya dawo da mu kuwa?"

"Kaiwa dai zai kai ku," in ji Emmett.

Da suka fita tsakiyar teku aka buga masa ƙararrawar ƙara gudu, ya saki injunan gaba ɗaya. Ƙarar ta shiga ƙasusuwansa, katako na rawa a ƙarƙashin ƙafarsa, shi kuwa idonsa na kan allurar ma'aunin mai da ta ma'aunin zafi. Da suka dawo, mai tumbin ya sauka ba hula, ba barkwanci, ya riƙe hannun Emmett ya daɗe bai saki ba.

Da kaka ta shigo aka fara nuna wasan. Doreen ce ta kunna akwatin talabijin da yamma, Emmett na wanke hannu. Kiɗa ya tashi, sai ga jirgin ya fito daga gefen allo, hancinsa a sama, rabin jikinsa ba ya taɓa ruwa, teku ta tsage biyu a bayansa fari fat. Emmett ya tsaya da sabulu a hannu, ruwa na ɗiga a kan kafet.

"Doreen," ya ce a hankali, "ashe haka yake?"

Ba ta gane ba sai da ya yi mata bayani. Duk shekarun yaƙin a ƙasa yake, tsakanin injuna, babu ko taga. Ya san ƙarar jirgin da warinsa da zafinsa, amma bai taɓa ganinsa yana wannan gudun ba.

Washegari ya buga waya Louisiana, wurin Lonnie Batiste, wanda ya riƙe bindiga a jirginsu, ya tambaye shi me ya hana su gaya masa abin yana da kyau haka. Lonnie ya yi dariya har da tari, ya ce su da ke sama ta ransu suke yi, wa ya ga kyau?

Tun daga nan, duk ranar wasan Emmett kan rufe rumfa da wuri. Masunta suka gane, suka daina kawo masa aiki a wannan yammacin. Wasu ma sukan biyo shi gida, Doreen ta ƙara gahawa a tukunya.