Ya Fanna da masu fushi

Ku da kuka san Ya Fanna, kun san ba ta taɓa tashi tsaye don wani ya shigo yana ihu ba. Shekara goma sha ɗaya muna ɗaki guda a biro, wato ofishin taimakon jama'a na Diffa. Mutum zai faɗo kamar zai cinye mu, ita kuwa sai ta tuɓe takalmi, ta miƙe ƙafa, ta ce da ni, "Hadiza, bari mu ji wane iri ne wannan."

Wai ita fushi iri-iri ne, kowane da maganinsa.

Akwai wani makiyayi daga wajen Maine-Sorowa, an kwantar da ɗansa a asibiti kwana shida, ba wanda ya yi masa bayani. Ya zo ya dinga dukan teburinta da sanda. Ni har na laɓe bayan ƙofa.

"Malam," in ji ta, "don Allah koma kan na Hadiza. Nawa ƙafarsa guda ta karye."

Bawan Allah ya tsaya, sanda a sama, ya duƙa ya leƙa ƙafar tebur! Ta kama hanya ta raka shi har gadon yaron. Da ta dawo ta ce, "Tsoro ne ya sa rigar faɗa. Ke kuma kin ba ni kunya."

Wata mai noman tattasai, kogin Komadugu ya cinye mata gona, ta zo ta wanke mu da zagi cikin Barbarci. Ya Fanna ta ɗauki alƙalami.

"A hankali, yaya. Na ukun nan ban taɓa jin sa ba, maimaita in rubuta."

Matar ta fashe da dariya, dariyar ta koma kuka. Sai a lokacin aka yi maganar iri da abinci.

Amma ranar da na ga ta mayar da takalminta, wani ne ya shigo tsaf da shi, da murmushi da gaisuwa. Dama matarsa ta gudo mana da karyayyen hannu, mun ɓoye ta gidan ƴar'uwarta. Cikin ladabi ya ce a gaya masa inda take.

Nan take Ya Fanna ta kurumce.

"Me? Kifi? A'a, ba mu saida kifi!"

"Matata, Hajiya."

"Mota? Tasha tana can gaba!"

Ta ƙifta mini ido, na zame ta baya. Rabin awa tana saida masa kurumta har na dawo da jandarma biyu. Da aka fita da shi, ta juyo ta dube ni.

"Mai ihu ya zubar da rabin fushinsa a ƙofa," ta ce. "Wannan bai zubar da ko ɗigo ba."

Matar nan mai karyayyen hannu tana raye, tana da teburin ɗinki a kasuwa, ƴarta ta fari ma aikinmu take karanta.

Allah ya jiƙan Ya Fanna, ya sanyaya makwancinta, ya tarbe ta da sassauci.