Tsaka a Injin Babur Ɗina

Jama'a, yau injin babur ɗina ya kalle ni.

Tun da aka hana hawan babur a Jimeta yake ajiye gidan Bappana a Damare, ko fulogi babu. Yau mai saye ya zo, ya ce injin ya mutu, sai dai ya saya a gwangwan. Saura kaɗan in sallama.

Sai Hammadu makanike ya zaro sabuwar kyamararsa mai siririn wuya, ya zura ta ramin fulogi. Muka leƙa wayarsa, sai ga idanu biyu. Tsaka ce kwance kan fistin.

Hammadu ya ce, "Injin ƙalau yake, baƙuwa ya yi."

Na fasa sayarwa. Mai sayen kuma har yanzu yana nan, kyamarar yake tayawa.