Malam Khalilu da Wutar Lambun Ƙuba

Issoufou yana can saman bishiyar dabino a wani lambu a Ƙuba, a Madina, wayarsa ta yi ƙara. Safiyyatu ce, matar Malam Khalilu. "Malam ya cika bayan azahar," ta ce. Ya daɗe rungume da bishiyar kafin ya sauko.

Malam Khalilu Bakano ne, shekara sha tara yana koyar da Turanci a wata makaranta a unguwar Al-Sih. A wurinsa kowace kalma tana da iyaye da kakanni, kuma ba ya sakinta sai ya raka ta gidansu. Issoufou kuwa mutumin Damagaram ne, ko firamare bai gama ba. A masallaci suka haɗu, wasan Kanawa da Damagarawa ya ƙulla su.

Wata biyu da suka wuce, Issoufou ya tara busassun ganyen dabino ya cinna musu wuta, yadda ake ƙona karan gero a gida kafin damina. Iska ta juya, wutar ta cinye rumfar wani kamfani da ke maƙwabtaka da lambun. Kamfanin ya rubuta rahoto da Turanci, aka fara maganar kurkuku, daga nan sai tarhil, wato a mayar da shi ƙasarsu.

Ya kai wa Malam takardar. Malam ya ɗora yatsa a kan kalma guda, arson.

"Ƙona dukiyar mutum da gangan ke nan. Ingilishi ya aro ta daga tsohon Faransanci, shi kuma ya gaje ta daga Latin, ardere, ci da wuta. Ka ga, 'yar gidan Turawanku ce."

"Haba Malam! Ana batun ɗaure ni, kana jero mini kakannin kalma?"

"Sha ruwa, Badamagare. Gobe tare za mu."

Sau shida Malam ya raka shi ofishin masu bincike yana tafinta, da ciwon ƙirjin da bai gaya wa kowa ba. Ya nemo dattawa biyu 'yan Nijar, suka shaida cewa haka manomin can ke share gona, da rana tsaka, a gaban kowa. Ranar Talatar makon jiya aka rufe maganar a matsayin kuskure. Issoufou zai ci gaba da zama a Madina.

Ganinsu na ƙarshe ke nan, a bakin ƙofar ofishin. Issoufou ya riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Malam, da me zan saka maka?"

"Addu'a ta ishe ni. Jeka, kada mai lambu ya neme ka."

"To, sai Juma'a."

"In Allah ya kai mu."