Na Ce Mata Na Ji Bugun Bangon

Assalamu alaikum edita da masu karatu. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba. A shekarun da aka tashi daga babban taron ƙasa da ya buɗe ƙofar siyasa, jam'iyyu suka yi yawa har mutum bai iya riƙe sunayensu, ni ungozoma ce a gidan likita na Gazawa. Daga wajen Gidan Rumji aka turo ni, aurena ya mutu, ba ni da kowa a garin. Na iya aikina, wannan ko maƙiyina ya shaida, amma ina da saurin fushi kuma bakina ba ya ajiya. Mafi yawan aikina na dare ne, don haka barcina na rana ne, kuma shi ne abin da na rasa.

Gidan hayar da na kama ɗakuna ne a jere ƙarƙashin kwano guda, babu rufi daga ciki, bangon da ya raba ɗaki da ɗaki kuma bai kai sama ba, an bar tazarar kamu guda. In maƙwabci ya yi tari sai ka ce masa sannu daga kan gadonka. Ta wannan kafar ake miƙa ashana da gishiri, ta nan ake gaisawa da asuba. Maƙwabciyata mai ƙuli-ƙuli ce, 'yar wani ƙauye a bayan Cadawa, mijinta yana ci-rani a Najeriya. Mace ce mai fara'a da surutu, Madam take ce mini, kuma ba ta taɓa yin tuya ba ta miƙo mini ta saman bango ba. Ta sha ɓari a baya, sai ga shi wannan karon ciki ya zauna. Tun yana ƙarami ta sa na yi mata alkawari cewa ni zan karɓi haihuwarta, ta ce Allah ne ya ajiye mata ungozoma a bayan bango. Na ce mata in naƙuda ta taso ta ɗaga murya kawai, ko barci nake zan ji.

Ana nan sai wata jam'iyya ta buɗe buro, wato ofishinta, a shagon da ke manne da ɗakinta. Suka kafa lasifika a kan iccen dogon yaro, daga hantsi har magariba waƙoƙi da zambo da kirari, duk suna bi ta tagarta su tsallako bango su sauka a kaina. Na je na yi musu magana, suka ce ai dimokuraɗiyya ce, kowa da bakinsa. Na zage su, suka ƙara murya. Na kai matsayin da nake gyangyaɗi a tsaye a wurin aiki. Amma tunda gaskiya na zo faɗi, ba lasifikar kaɗai ta ishe ni ba. Ita ma ta ishe ni. Dakan gyaɗarta, rediyonta, da tambayar da take jefo mini ina tsakar barci, wai yaron ya motsa ta hagu, ko lafiya.

Wani kafinta ne ya ba ni labarin wasu alluna da ya sayo daga wani aikin Turawa da aka rufe, a ɗakin injin wutarsu aka ɓamɓaro su. Masu kauri ne da nauyi, sai mutum biyu ke ɗaukar guda, fuskarsu duk huji-huji, cikinsu cushe da wata irin auduga rawaya mai ƙaiƙayi. Ya ce in ya kafa mini su ko jaki ya yi kuka a bakin ƙofata ba zan ji ba. Ban yi shawara da kowa ba. Ya zo da amalanke ya jera su a bangon da ke tsakanina da ita tun daga ƙasa har kwano, ya toshe kafar nan ta sama, ya yi mini rufi da ragowar, har ƙofa ya liƙa wa guda. Tana tsaye a tsakar gida riƙe da ƙugu tana kallo, ta yi dariya ta tambaye ni ko bakinta na rufe ke nan. Na ce mata 'yan siyasa na rufe wa baki, ita kuwa in naƙuda ta zo ta ɗauki muciya ta bugi bango, zan ji. Ɗakin ya koma tanderu don zafi, jikina ya yi ta ƙaiƙayi, amma ranar na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba.

Washegari ta tare ni a bakin rijiya ta ce jiya da azahar ta gwada, ta bugi bangon da muciya, ko na ji? Wallahi ko motsi ban ji ba. Na san in na faɗi haka za ta roƙe ni in cire ko allo guda, ni kuma na ɗanɗani barci. Na dube ta na ce, "Na ji mana. Na san gwaji kike yi, shi ya sa ban fito ba." Ta yi ajiyar zuciya ta ce to hankalinta ya kwanta. A raina na ce ai da sauran lokaci, watanta bai kama ba, in ya matso zan sa kafinta ya buɗe mini wuri. Mahaifiyarta ma an ce za ta zo ta zauna da ita bayan an gama girbi.

Ranar da abin ya faru, wani babban ɗan takara ne ya zo garin. Kowa na gidan ya tafi kallon mitin, wato taron siyasar, har tsohuwar da ke da gidan. Makaɗa da motoci da lasifika suka cika gari. Ni na dawo daga aiki da hantsi, na ga maƙwabciyata tana shara a hankali, ta ce bayanta ke ɗan ciwo. Na ce ta kwanta ta huta, na shiga na ja ƙofa. Abin da na sani bayan wannan shi ne ƙofata tana girgiza. Tsohuwar ce ke dukanta da dutse, ta ce ta daɗe tana yi. La'asar ta wuce. Ta dawo ne ta ji kukan jariri.

Na sami maƙwabciyata a ƙasa, jikin bangon da ke tsakaninmu. Jinin da na gani ya isa in san inda aka kwana, aikina ne. Jaririyar tana kan zani, cibi ba a yanke ba, tana da rai. Muciyar tana kusa da hannun uwar, yaɓen bangon daga ƙasa duk ya farfashe ya zube. Na yi abin da aka koya mini, na yanke, na ɗaure, na danna, na sa aka nemo amalanke. Muna kan hanya ta buɗe ido ta dube ni, ba da fushi ba, ta ce, "Madam, na buga." Ba mu kai ƙofar gidan likita da ita da rai ba.

Ban yi kuka ba, a ranar ko bayanta. Na yi mata wanka tare da tsofaffi, na zauna zaman makoki, mutane suna ta yi mini sannu da ƙoƙari. Kowa ya ɗora laifin a kan kiɗan mitin, aka ce ko mai kunnen zomo ba zai ji kira ba a wannan rana. Na bar su a haka. Da mijin ya iso ya durƙusa a gabana yana godiya, ya ce duk saƙon da take aika masa sai ta ambace ni, ta ce tana da uwa a bayan bango. Ya roƙe ni in yarda a sa wa yarinyar sunana. Na ce Allah ya raya ta. Aka yanka rago, aka raɗa mata sunana, ina zaune ina kallo kamar ana yi a gidan wasu.

Na sa kafinta ya kwashe allunansa, ban karɓi komai ba. Lasifikar ta ci gaba har aka yi zaɓe, ban ƙara zuwa na yi musu magana ba. Tun daga lokacin na karɓi haihuwar da ban san iyakarta ba, an yaba mini, an ba ni turamen zani, amma daɗin abin bai ƙara shiga raina ba. Ina ci, ina sallah, ina gaisawa da mutane, shi ke nan. Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, malamai sun faɗa mini, kuma ban musa ba. Sai dai ni ungozoma ce, na san abin da isowa da wuri ke yi wa mai zubar jini.

Abin da ya sa na rubuto, yanzu ina jin 'ya'yanmu da ke birane suna yabon irin waɗannan alluna, wai mutum ya kafa su ya huta da ƙarar maƙwabta. Ban ce kada ku kafa ba, rashin barci ciwo ne, na sha shi. Amma allo bai san bambancin waƙar siyasa da kiran mai neman ceto ba. Kafin ku toshe bango ku duba wa ke kwance a bayansa, tsoho ne, mara lafiya ne, ko mai ciki. Ku gwada tare, in ba ku ji ba ku ce ba ku ji ba. Ni ba allunan suka ci ni ba, kalma biyu ce da na faɗa a bakin rijiya.

Takwarata ta girma, tana aure a Cadawa, kowace sallah takan zo gaishe ni da 'ya'yanta, Inna take ce mini. Ba ta taɓa samun ƙofata a rufe ba, ko da sanyi ko da damina. Tana tsammanin zafi ne ke damuna.