Ta Biyar Tana Kan Bishiya

Shekara ashirin da biyu Marlys Sorum tana dafa wa 'yan sakandaren garin Nordby abincin rana, tara daga ciki kuma ita ce kocin 'yammata masu tseren daji. Ba nema ta yi ba. Malamin da ke riƙe da su ne ya yi ritaya, aka yi ta cigiyar mai karɓa, maza duk suka noƙe, kowa idonsa na kan ƙwallo. Marlys ta tuɓe hular kicin ta ce a ba ta. Ko kaza ba ta taɓa kora da gudu ba, gwiwarta ta hagu ma sai da lallami. Amma macen da ke ciyar da yara ɗari biyu cikin minti arba'in, wa zai koya mata duba agogo?

A Nordby in samarin ƙwallo suka ci wasa, motar kashe gobara ke rako su gari da jiniya. 'Yammatan Marlys kuwa kilomita biyar suke shara gudu cikin taɓo da gonakin masara, 'yan kallonsu uwaye uku da kare ɗaya.

Bana 'yammata biyar cif gare ta. Dokar tseren ita ce sai mutum biyar sun kai ƙarshe ake ba makaranta maki. In huɗu ne, ko iska suka tsere wa, sunan makaranta ba ya hawa allo. Da biyar ɗin nan ta je gasar shiyya suka zo na biyu, karo na farko ke nan da Nordby ta samu shiga gasar jiha. Asabar ta farko a watan Nuwamba, ƙarfe ɗaya na rana, tafiyar awa huɗu a mota.

To, ranar ce kuma ake buɗe farautar barewa. Wane mai kan kwakwa ya haɗa ranakun nan, Allah kaɗai ya sani. Ranar buɗe farauta ko aski ba a samu a Nordby, har fasto rigar mafarauta mai ruwan goro yake sawa ya shige daji.

Ran Litinin Britta Lundeen, ta biyar a gudu, ta leƙo kicin tana murza hannun riga.

"Koci, ni fa ba zan samu zuwa ba."

Marlys ba ta ajiye ludayi ba. "Ƙafa ce ta karye?"

"Kakana ne. Kin san gidanmu, duk wanda ya cika sha shida, da shi zai hau bishiya dakon barewa ranar buɗe farauta. Babana ya yi, yayyena sun yi. Ni ce auta, shi kuma shekararsa tamanin da ɗaya."

"Sauran huɗun fa? Ƙafa zan ara musu?"

Yarinya ta fashe da kuka. Marlys ta danƙa mata biredi da man gyaɗa ta kore ta aji, da yamma ta hau tsohuwar a-kori-kurarta sai gidan Arvid Lundeen, kakan Britta. Ta same shi a gareji yana goge bindiga.

"A'a, mai tuwon makaranta! Me aka ƙona yau?"

"Baba Arvid, jikarka nake so ran Asabar."

"Ni ma ita nake so ran Asabar. Na riga ki."

"Farautar nan kwana da kwanaki ake yi. Ku hau ran Lahadi mana, barewar ba ta san kalanda ba."

"Lahadi ai ta 'yan birni ce. Ubana ranar buɗewa ya hau da ni. Gudu kuwa, yarinya, in ba wani abu ke bin mutum ba, me ya yi zafi?"

Mace mai shekara hamsin da takwas, wai yarinya! Marlys ta haɗiye. Suka yi ta ja kamar masu cinikin saniya, har aka tsaya a kan cewa Britta za ta hau bishiya da asuba, ƙarfe takwas daidai ta sauko, an harba ko ba a harba ba. Sauran huɗun suka bi bas ran Juma'a tare da malamar lissafi, wadda ba ta san gaban takalmin gudu da bayansa ba.

Asabar gari na wayewa Marlys tana bakin daji, injin mota a kunne, butar gahawa a cinya, kayan gudun Britta a kujera. Addu'arta ɗaya ce: kada Allah ya kawo barewa. Takwas saura ashirin ta ji ƙarar bindiga.

Ta kutsa cikin itatuwa tana ɗingishi. Ga namijin barewa a kwance da ƙahoninsa, ga Britta riƙe da bindiga, ga tsoho yana share ido wai sanyi ne. Marlys ta zaro wuƙarta.

"Ku matsa, minti biyar na gama."

Arvid ya tare ta da sandarsa. "Wanda ya harba shi ke fitar da kayan ciki. Haka ake yi."

"Wa ya ce?"

"Kowa ya sani."

"Baba, awa huɗu ce a gabanmu!"

"To ki daina ɓata mata lokaci da surutu."

Ai kuwa Marlys ta danna agogon tsere, ta tsaya a kan yarinya. "Daga nan za ki tsaga. A hankali, uwar gaggawa, kada ki fasa tumbi! Zura hannu, ba cizo zai yi ba. Ja! Minti tara. Ja, na ce!"

"Kaka, ɗumi gare shi!" in ji Britta tana yamutsa fuska.

"Ke ma haka naki yake, raguwa," in ji tsohon yana dariya.

Takwas da ashirin da biyar suka hau titi. Britta ta goge hannu da tsumman mota, ta canza kaya a kujera, ta ci ayaba biyu, ta yi barci abinta. Marlys kuwa ta bi bayan wata motar ɗaukar masara kusan rabin awa, tana yi wa direban addu'o'in da ba a faɗa a coci.

Saura minti goma sha biyu a fara tsere suka isa. 'Yammata huɗu suka yo kansu da ihu. Ingrid, wadda ta fi su gudu da baki, ta toshe hanci.

"Ke, mahauciya, can gefe za ki tsaya!"

"Ki yi shiru ki manna mata lamba," in ji Marlys. "Britta, ba na neman ki wuce kowa. Ki kai ƙarshe kawai, ko da rarrafe."

Britta ba ta ɗumama jiki ba, ta sha zaman awa biyu a kan katako a saman bishiya cikin sanyi, ga na mota. A kilomita na uku ƙafarta ta riƙe. Marlys ta bi gefen igiyar da ta shata hanyar tsere da gurguwar gwiwa tana ƙwala mata kira har muryarta ta dushe. Britta ta shigo ta ɗari da talatin da ɗaya, ta zube a ciyawa tana amai. Da aka liƙa sakamako, Nordby ce ta goma sha huɗu cikin makarantu goma sha shida. Marlys ta sa tabarau ta karanta layin sau uku, da yatsa. Sunan yana nan, da makinsa a gefe.

Ran Laraba jaridar gari ta fito. Rabin shafin farko hoton Britta ne riƙe da ƙahonin barewa, Arvid a bayanta ya washe baki. Gasar jiha tana shafi na bakwai, layi uku, ƙarƙashin tallar tayar mota, an kuma rubuta sunan kocin ba daidai ba. Marlys ta yanke layi ukun da almakashin kicin ta manna a ƙofar firji, sauran jaridar ta shimfiɗa ta fere dankali a kai.