Ƙodar Domnika, Fanshon Sofron

Duk wanda ya zauna a garinmu na gindin duwatsun Romaniya, a shekarun da ake sayen burodi da katin rabon abinci na gwamnati, ya san Sofron Turku. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga tsafta kamar mage. Shekara ashirin da uku ya yi a masana'antar ƙusoshi, a sashen da ake tsoma noti da ƙusa cikin ruwan kadmiyom, wani ƙarfe mai guba, don kada su yi tsatsa, kuma shi ne mai haɗa ruwan. Gishirin kadmiyom ɗin cikin shuɗin duro na roba yake zuwa, fari fat, ba wari, ka rantse na miya ne, kuma da ya ji ruwa sai ya narke.

Ba a taɓa ganin Sofron a bakin duro ba takunkumi ba. Safarsa ta roba har gwiwar hannu. Ko ɓawon burodi ba ya ci a ɗakin nan, taba kuwa ba ya kunnawa sai ya wanke hannu sau biyu. Shi ake tura wa sababbin ma'aikata ya yi musu huɗuba.

"Wannan abin ba ya kashe mutum yau," haka yake ce musu. "Ba ya gaggawa. Ta hanci ko ta baki yake shiga, ya gangara ƙoda ya shimfiɗa tabarma, shekara ashirin bai tashi ba. In ya gama da ƙoda ya koma ƙashi. Kai Ilariye, buɗe musu bakinka su ga zoben."

Ilariye abokin aikinsa ne tun suna samari, mai cin tsiran alade da hannun da ya gama aiki da shi. Sai ya washe baki, a ga rawaya zagaye da gindin haƙoransa.

"Kai dai ci gaba da rufe fuska kamar amarya," in ji Ilariye. "Mu ga wanda zai riga wani shiga rami."

To, duk abin da Sofron ke faɗa gaskiya ne. Sai dai ga abin takaici: mutumin da ya san wannan duka, abu biyu yake ɗauka daga ɗakin nan ya kai gidansa.

Na farko tufafin aikinsa. Doka ta ce a masana'anta za a wanke su, an rubuta a bango da jan fenti. Amma sabulun wurin wankin, ƙafa gare shi, kullum a sace, kaya kuma su dawo a jiƙe suna warin ruma. Saboda haka kowace Asabar Sofron ke naɗe su a jarida ya kai wa matarsa Domnika. Ita kuma ta fita baranda ta kakkaɓe su, farar ƙura ta tashi ta sauka mata a gashi da gira, sannan ta durƙusa a baho ta cuɗa da hannu.

Na biyu duron. Mu nan gidan da bai jiƙa kabeji a ruwan gishiri kafin sanyi ba, ya shirya cin tuwon masara gaya har bazara. Gangar katako ta yi tsada, ga kuma shuɗin duro mai murfi ana zubarwa. Doka ta ce a fasa shi a binne. Sofron sai ya ɗauraye, ya miƙa wa mai gadi kwalin taba, ya mirgino shi gida. Kowace kaka sabo yake kawowa, tsohon kuma Domnika ta ba maƙwabta su tara ruwan sama. A tunaninsa ɗauraya uku ta isa. Bai tsaya ya yi tunanin gishirin da ke maƙale a lungun murfi da karce-karcen roba ba, wanda tsamin kabeji zai yi wata biyar yana lasa.

Kabejin Domnika ya yi suna a bene namu. Duk kwana biyu sai ta sauka ɗakin ajiya ta zura tiyo har gindin duro, ta sa baki ta yi ta hurawa don ruwan ya juya kada ya yi yauƙi. Kowace safiya kuma kofi guda na ruwan take sha, domin bayan ɓari uku jini bai ishe ta ba, uwarta kuma ta ce shi ne magani. Sofron ba ya taɓawa, gyambon ciki ya hana shi tsami. Madarar da masana'anta ke ba masu aikin guba, rabin lita kullum, in ya kawo gida ma shi take dafa wa.

"Sha abinka, maigida," take cewa. "Kai ne a cikin guba. Ni me ya same ni?"

Ƙa'idar wurin kuwa ga ta. Wanda ya cika shekara ashirin da biyar a sashen guba, ya tafi da cikakken fansho tun da sauran ƙarfinsa. Wanda aka ga ƙodarsa ta fara taɓuwa kafin nan, a ɗauke shi a ba shi tsintsiya a tsakar masana'anta, shekarun gubar su bi ruwa. Sai wanda tasa ta gama lalacewa ake sallama da fanshon ciwo. Da can ba wanda ya damu, don tsohon likita harshe kawai yake dubawa ya buga hatimi. Sai aka kawo sabuwa, Likita Stanka, siririya mai tabarau, ta ce kowa ya kawo fitsarin safe a kwalba za ta aika birni.

Ilariye aka fara ganin ƙodarsa ta taɓu. Saura masa wata goma sha ɗaya. Sati biyu bayan nan Sofron ya hango shi ta taga yana sharar ganye.

"Amarya!" Ilariye ya ɗaga tsintsiya ya kwaɗa masa kira. "Na ajiye maka ɗaya, mai dogon hannu!"

Tsoro ya kama Sofron, tsoro na gaske. Saura masa shekara biyu. Ya fara ƙirga sau nawa yake zagayawa a rana, in bayansa ya ɗan riƙe sai gumi ya keto masa. Ran da za a kai kwalba, ya sami Domnika a kicin tana tuƙa tuwo.

"Ke, ungo. Cika min wannan."

"Ni? Kai mutumin nan, ka haukace?"

"Naki mai kyau ne. Ke ko ƙofar masana'anta ba ki taɓa shiga ba. Shekara biyu kawai nake nema, ko so kike ki ga mijinki da tsintsiya?"

Ta yi dariya har da riƙe ƙugu, domin ƙugun ya jima yana damunta. "To Allah ya sa kada su ce kana da ciki," ta ce, ta karɓi kwalbar.

Bayan kwana goma Likita Stanka ta aika a kira shi. Ta rufe ƙofa da kanta, ta cire tabarau, ta daɗe tana kallonsa.

"Baba Sofron, zauna. Sau nawa ka taɓa karaya?"

"Ko sau ɗaya, Kwamared likita."

"Buɗe baki." Ta duba haƙoransa, farare tas. Ta tura masa takardar. "Na Ilariye wasa ne a kan wannan. Mai wannan fitsarin, ƙodarsa ta zama rariya, abin da ya kamata ta riƙe wa jiki duk zubar da shi take yi. Ƙasusuwansa na narkewa. Ba ni da maganin da zai fitar da gubar, ba wanda ke da shi. Amma in aka raba shi da inda yake samunta yau, aka fara kula da shi yau, zai iya ƙara shekaru a kan ƙafafunsa." Ta sassauta murya. "Ni ba 'yar sanda ba ce. In naka ne, na sallame ka da fanshon ciwo. In na wani ne, ka kawo min shi gobe da safe."

Sofron ya ji kamar an ɗaga kujerar da shi. A take ya ga barandar, ya ga farar ƙurar a girarta, ya ga bakinta a kan tiyo. Ba wanda ya fi shi sanin abin nan a duk garin, ba ya buƙatar a yi masa fassara. Ya so ta, kada wani ya ce bai so ta ba. Amma in ya buɗe baki, ga ƙaryar gwaji, ga satar duro shekara da shekaru, a zamanin da ake ɗaure mutum a kan kilo ɗaya na ƙusa. Ga kuma fansho an ajiye masa a kan tebur, shekara biyu kafin lokaci.

"Nawa ne," ya ce.

"Ka tabbata?"

"Na wa zai zama?"

Ta mayar da tabaranta, ta sa hannu, ba ta ƙara kallonsa ba.

A gida ya ce wa Domnika zuciyarsa ce ta karaya a hanya, ya zubar da nata ya ba da nasa. Ta zauna a bakin gado ta yi kuka kamar ranta zai fita, tana shafa masa baya daidai inda ƙoda take. Ta tafi coci ta kunna masa kyandir. Aka ba shi takardar hutun sati uku a wurin jinya na ruwan zafi can kan dutse, ita ta goge masa riguna, ta saƙa masa ɗamarar ulu don kada sanyi ya taɓa masa baya.

Duron fa? Watan Nuwamba ne, kabeji arba'in ne a ciki, a shekarar da kanti ba komai sai gwangwanin wake. Ya sauka ɗakin ajiya sau biyu da niyyar kifar da shi. Amma me zai ce mata? Me zai ce wa bene guda da zai ji wari ya fito kallo? Ya ce bari ya dawo tukuna. Ya tafi ya sha ruwan zafi, ya ci nama sau biyu a rana, ya dawo ya ƙara kilo huɗu. Da ya dawo kuma ya ce ai Kirsimeti ta zo, wa ke zubar da kabeji ana jibi salla? Haka ta cinye duron nan har gindi, ita kaɗai, kofi bayan kofi. Sai da bazara ta shigo, duro ya zama fanko, sannan jarumin ya sa gatari ya fasa shi, ya ce dama ya tsage.

Asibiti kuwa bai kai ta ba, domin asibitin garin hanyarsa ɗaya ce, ta ofishin Likita Stanka take bi. Da Domnika ta fara tafiya tana rangaji kamar agwagwa, ya ce sanyin ƙashi ne, ya sayo man zafi. Da ƙishirwa ta hana ta sakat, ya ce gishiri ne ya yi mata yawa. Ran da ta yi tari haƙarƙari ya karye, ya ɗaure mata ƙirji da tsohon zanen gado. Shi ke shara, shi ke layin burodi, shi ke ɗaukarta zuwa banɗaki. Matan bene suna cewa, "Allah sarki Baba Sofron, shi da ciwo, shi da jinya." Yana jin su, yana sunkuyar da kai, kuma wallahi har daɗi yake ji.

Abin da ya manta shi ne fanshon ciwo ba kyauta ba ce ta har abada. Duk shekara sai kwamiti ya sake dubawa. Da kaka ta zagayo, takarda ta zo: ranar Talata, da fitsarin safe. In ya kai nasa, za a ga ƙodar da ta zama rariya ta ɗinke kanta cikin shekara guda, kuma ba likitan da zai haɗiye wannan. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne. Ya kwana uku da kwalbar a aljihu.

Ranar Talata da hantsi ya shiga ɗakin. Domnika na kwance rigingine, ta ƙanƙance, hannuwanta a kan bargo kamar ƙirare. Ya ajiye kwalbar a kan kujera, idonsa na kan taga.

"Kwamiti ne yau. Ki ɗan taimaka min."

"Da me?"

"Kin sani ai. Kamar bara."

"Haba maigida, ka rikice ne? Bara mai kyau kake nema. Yanzu ai so kake su ga kana da ciwo, naka za ka..."

Ba ta ƙarasa ba. Ya ji shirun, ya kasa juyowa. Da ya juyo ya ga tana kallonsa daga sama har ƙasa: kumatunsa, tumbin da ya ajiye, ɗamarar ulun da ta saƙa masa. Sannan ta ɗaga hannunta ɗaya ta duba shi gaba da baya.

"Ba ka zubar ba," ta ce.

"Domnika, ki saurare ni..."

"Tun yaushe ka sani?"

"Ɗaure ni za su yi. Da wa zai kula da ke?"

"Kafin Kirsimeti, ko bayanta?"

Ya sunkuyar da kai.

"Kai ka riƙa ɗebo min a kofi, da ƙafata ta hana ni sauka," ta ce a hankali, kamar mai tuna inda ta ajiye allura. "Har kana cewa in sha a hankali kada in ƙware."

Ya durƙusa a gefen gadon yana kuka, yana rantsuwa yanzu-yanzu zai goya ta har ofishin Likita Stanka, a ɗaure shi in an ga dama. Ta bar shi ya gama. Agogon bango ya nuna tara saura kwata, kwamiti kuma ƙarfe goma yake zama. Ta ga ya saci kallon agogon.

"Ɗaga ni," ta ce.

Ya ɗaga ta.

"Miƙo kwalbar. Juya bayanka."

Ya juya. Da ta gama ta rufe murfin da kanta, ta goge jikin kwalbar da gefen bargo, ta miƙa masa.

"Sa ta a aljihun ciki kada ta huce, su gane. Ka ɗaura ɗamararka, akwai iska a waje."

Ya tsaya riƙe da kwalbar, da ɗuminta a tafin hannunsa. Yana jiran ta zage shi, ta tsine masa, ko ta ce ya zauna. Ta juya fuskarta bango.

Ya kai ƙarfe goma daidai. Kwamiti ya sabunta masa fansho.