Rigar da Ɗinkinta ke Waje

Duk wanda ya san Auta tela ya san ba ya barin zare ko ɗaya ya leƙo a jikin riga. Mutum ne mai tsantseni har ya yi yawa. Amma yanzu akwai rigunan da yake yi a baibai, ɗinkin a waje, yana ɓoye su kada masu kawo aiki su gani. Na yayarsa ne, wadda ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu.

Bara shi ya matsa mata ta yi allurar rigakafin mura, don tana da asma, ɗan tari ma kwantar da ita yake yi. Ta ce ba ta so, ya kafe, har ya rufe shago ya raka ta. Ba a jima ba wasu ƙuraje suka feso mata a jere a haƙarƙarin hagu, da zafi kamar an ɗora mata dutsen guga. Ƙurajen suka bushe, zafin ya ƙi tafiya. Ko bakin ɗinki ya goge ta sai ta runtse ido.

Ba ta taɓa ɗora masa laifi ba, shi ya fi cin ransa. Yana taka keken ɗinki yana ganin hannunta da ya ja har ƙofar asibiti.

Da lokacin allura ya zagayo, suka koma, ya yi tambayar da ya daɗe yana haɗiyewa.

"Likita, allurar ce ta jawo mata?"

"Ba zan iya ce maka ita ce ba. Ƙwayar ƙarambau ce ke kawo irin ƙurajen nan, takan kwanta a jijiya tun ƙuruciya, girma ya zo ta farka. Mama, kin taɓa yin ƙarambau?"

Yaya ta yi dariya.

"Sosai ma! A wurin wannan ja'irin na ɗauka. Kowa ya guje shi, ni ce mai rungume shi a nan, yana ta tsala ihu." Ta dafa gefenta, sannan ta naɗe hannun riga. "Yi mini allurar, ɗana, ƙirjin nan ba ya wasa."

Auta bai yi dariya ba. Ya dubi inda ta dafa, gefen hagu ne, daidai inda ƙurajen suka fito. Da ya koma shago ya ciro yadin da ya fi kowanne laushi, ya juya shi baibai, ya daɗe zaune bai taɓa almakashi ba.